Yadda Ake Koyon Aikin Ƙarfe a Hannun Oga, Daga Yaron Shago Zuwa Mai Karɓar Jinga

Aikin ƙarfen da nake nufi a nan shi ne na gine-gine, kuma rassa uku gare shi. Akwai ɗaurin rodi, wanda masu yinsa ake ce musu ayan benda, su ne ke yanka rodi su lanƙwasa su ɗaure kafin a zuba kankare. Akwai walda, wato haɗa ƙofa, taga, get, tanki da makamantansu. Sai kuma kafa ƙarfe a sama, irin su rufin sito, rumfar gidan mai da hasumiyar tankin ruwa. Na daɗe a cikin sana'ar nan, yara da dama sun koya a hannuna sun kama gabansu. Abin da na lura da shi shi ne, ba ƙarfin damtse ke raba wanda ya zama oga da wanda ya tsufa yana ɗaukar rodi ba. Awo ne, da karanta zane, da irin hannun da mutum ya koya a ciki.

Kayan da za ka tanada

Manyan kaya na shago ne: injin walda, giranda (injin yanka da goge ƙarfe), janareta, teburin lanƙwasa rodi. Naka na kanka kaɗan ne, amma kada ka yi aronsu.

Tef ɗin awo mai mita 5, wanda yake da milimita da inci duka biyu. Sikwaya ta duba kusurwa. Alli ko maka. Awartakin ɗauri da filaya. Gudumar kankare dattin walda da burushin waya. Safar hannu ta fata. Farin tabarau na yankan giranda. Garkuwar fuska ta walda mai baƙin gilashi lamba 10 zuwa 12. Takalmi mai ƙarfe a baki. Hular kwano, idan za ka shiga filin gini. Riga da wando na auduga mai kauri, masu dogon hannu, domin rigar ƙwallo da duk yadin roba narkewa suke yi su manne a fata idan tartsatsi ya sauka. Ƙaramin littafi da biro.

Idan kuɗin bai kai ba, fara da abin da zai kare ido, sai takalmi, sai tef. Takalmin gwanjo mai kyau ya wadatar. Tabaran rana kuwa ba ya tare hasken walda ko kaɗan, duk baƙinsa, kada wani ya ruɗe ka.

1. Zaɓi reshen da za ka fara da shi

Rodi ya fi saurin koyuwa kuma ya fi saurin kawo kuɗin yini, amma yana bin lokacin gini, kuma a tsakiyar rana ake yinsa. Walda ta fi cin lokaci, sai dai ita ke buɗe ƙofar shago da ta kamfani. Aikin sama yana son wanda ya riga ya iya walda kuma jiri ba ya ɗibarsa. Shawarata ita ce ka fara da walda a shagon da ke fita aikin gini, rodin zai same ka a can.

2. Zaɓi oga

Nan ne yawancin yara ke faɗuwa tun ba a fara ba. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi shagon da ya fi kusa da gida, ko wurin wanda aka ce yana ba da kuɗin abinci mai kauri, shi ke nan. Bayan shekaru sai a ga yaron bai iya komai ba sai fenti da sayo ilaktirod, wato sandar walda.

Ka zagaya tukuna. A Kaduna ka shiga Panteka, a Kano ka bi Ƙofar Ruwa da shagunan da ke kewaye da ita, a Abuja ka leƙa Dei-Dei. Masu sayar da rodi da bututu sun san wane oga ne ke da aiki kullum, sun kuma san wanda ke cin kuɗin mutane. Ka tambaye su. Sannan ka je shagon ka zauna gefe kamar mai jiran wani, ka sa ido a kan abubuwa kaɗan. Wa ke riƙe da wuta? Idan oga ne kaɗai ke walda, manyan yaransa na tsaye suna riƙe masa ƙarfe, to kai ma haka za ka tsaya. Duba get ɗin da aka gama aka jingine: walda ce a jikinsa mai santsi, ko an shafa fila, wato abin toshe rami, an lulluɓe da fenti? Duba wayar injin, ko a fiɗe take an naɗe da leda. Duba ko akwai takardar zane a shagon, ko komai da ka ake yi. Tambaya mafi muhimmanci kuma ita ce: yara nawa ya yaye, suna ina yanzu? Ogan kirki da alfahari zai lissafo maka shagunansu.

Idan garinku ba shi da irin wannan shago, akwai kwalejojin fasaha na gwamnati da ke koyar da walda da haɗa ƙarfe, inda ake fita da jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci. Hukumar samar da aikin yi ta NDE tana da shirin da take tura matasa wurin masu sana'a su koya, ita ma hukumar horar da ma'aikata ta ITF tana da cibiyoyin horo. Ka je ofishinsu na jiharku da ƙafarka ka tambayi lokacin ɗauka. Duk wanda ka bi a cikinsu, sai ka haɗa da zaman shago, domin aji ba ya koya wa mutum yadda ake fama da kwastoma ko ƙarfen da ya zo a karkace.

3. A rubuta yarjejeniya

Mun saba da a kai yaro, a yi addu'a, a ce ga amana nan. Addu'ar tana da kyau, amma a ƙara da takarda. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yinta, jami'in ƙwadago ya shaida, kuma ba ta wuce shekara 5. Wanda ya kai shekara 16 yana iya sa hannu da kansa, wanda bai kai ba sai da mahaifi ko waliyyi. Ko da ba ku je ofishin ƙwadago ba, a rubuta a gaban shaidu biyu: shekara nawa za a yi, me za a koyar, kuɗin koyo idan akwai, abinci da kuɗin mota a wuyan wa suke, wa zai biya magani idan an ji rauni, da abin da za a yi ranar yaye. A yawancin shaguna walda tana ɗaukar shekara 3 zuwa 4, rodi kuma ƙasa da haka. Idan kana makarantar boko ko Islamiyya, a faɗi sa'o'in tun yanzu, kada a bari sai rigima ta taso.

4. Watannin farko

Shara, ɗauko kaya, goge tsatsa, shafa jan fenti, naɗe waya, aike. Kowa ta nan ya bi, kuma ba wulaƙanci ba ne muddin ba a nan aka bar ka ba. Ka riƙa zuwa kafin oga. Ka haddace sunan kowane ƙarfe da girmansa, har ya zama idan an ce ka miƙo angul mai inci ɗaya da rabi ba sai ka ɗauko tef ba. Duk awon da ka ji an faɗa, rubuta shi a littafinka tare da ɗan zanen abin. Guntayen ƙarfen da ake zubarwa ka nemi izini ka tara, da su za ka koyi walda idan aiki ya lafa.

Giranda ce ke fara ji wa sababbi ciwo, ba wuta ba. Kada ka cire mata murfin kariya. Kada ka goge fuskar ƙarfe da faifan yanka, siriri ne, fashewa yake yi. Ka zare ta daga soket kafin ka canza faifai, kuma ka bari ta tsaya cak kafin ka ajiye ta.

5. Awo da karanta zane

A nan nake so ka fi daɗewa. Kasuwa da inci take magana, injiniya kuma da milimita yake rubutu, dole ka iya duka: inci ɗaya milimita 25.4 ne, ƙafa ɗaya kusan 305. Ka auna sau biyu kafin ka yanka, kuma kullum daga gefe guda kake jan tef, kada ka riƙa ɗora awo a kan awo, kuskuren taruwa yake yi.

Don ka tabbatar kusurwa ta miƙe, auna 300 a gefe ɗaya, 400 a ɗayan, tsakaninsu dole ya ba ka 500. A firam ɗin ƙofa ko get, ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarori biyu. Idan awon bai zo daidai ba, firam ɗin a karkace yake, ko da ido ya ce maka lafiya lau.

Zanen rodi ba shi da wuya idan an nuna maka sau ɗaya. Idan ka ga 4Y16, rodi huɗu ke nan masu kaurin milimita 16. Idan ka ga Y10 da 200 c/c a gabansa, rodi mai 10 ne, a jera shi da tazarar milimita 200 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Harafin T na nufin a sama, B a ƙasa. Duk injiniyan da ya zo duba aiki, ka gaishe shi da ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan alamar me take nufi?" Da wuya ka samu wanda zai ƙi faɗa maka. Idan ogan naka bai iya zane ba, wannan ita ce hanyarka, tare da roƙon tsofaffin zanen da aka gama da su ka je gida ka yi ta bi.

Ga lissafin da zai yi maka amfani har ka tsufa. Tsawon rodi ɗaya mita 12 ne. Nauyin mita ɗaya kuwa, ka ninka kaurin da kansa ka raba da 162. Mai 12 zai ba ka kusan kilo 0.89 a mita, wato sanda ɗaya ta kusa kilo 10.7, tan ɗaya kuma sanda 93 zuwa 94. Mai 16 kusan sanda 53 ne a tan. Wanda ya riƙe wannan ba a cutarsa a kasuwa, ba a kuma cutarsa wajen biyan aiki.

6. Rodi: yanka, lanƙwasa, ɗauri

Da zobe ake farawa, wato ƙaramin rodin da ake lanƙwasawa ya zagaye manyan rodi, wanda a filin gini za ka ji ana ce masa ring. Ɗauki ginshiƙi mai inci 9, wato kusan milimita 225 ta kowane gefe. Kankare yana buƙatar ya rufe ƙarfe da kamar milimita 25 a kowace fuska, saboda haka zoben zai zama 175 da 175, ka ƙara tsawon ƙugiya biyu na bakinsa. Ka lanƙwasa guda ɗaya, ka auna, ka gyara alamar da ke kan teburi, sannan ka yanka sauran. Mai gaggawa yakan yanka ɗari a tashi ɗaya, ya zo ya tarar duk sun gaza.

Inda rodi biyu za su haɗu, sai sun hau kan juna da tsawon da zane ya faɗa, galibi ninki 40 zuwa 50 na kaurin rodin. Mai 12 ke nan zai hau da kamar milimita 600. Kada haɗin ya taru duka a wuri ɗaya. A ƙarƙashin rodin dekin a sa biskit, ƙananan gutsattsarin siminti da ke ɗaga ƙarfe daga katako. Idan babu na sayarwa, a kwaɓa siminti da yashi a zuba a faranti, a yanka tun yana ɗanye, a soka wayar ɗauri a ciki. Ba a sa guntun katako ko ɓaraguzan bulo a madadinsa.

Kuskuren da ke kashe mutane shi ne na baranda mai leƙowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Babban rodinta a sama yake zama, ba a ƙasa ba, kuma sai an tokare shi da kujerun rodi don kada masu zuba kankare su tattake shi ya kwanta. Ranar zubi ka tsaya a wurin har a gama. Haka nan ba a gasa rodi da wuta don ya yi laushin lanƙwasa, ba a miƙar da wanda aka lanƙwasa a sake lanƙwasa shi, ba a kuma yi masa walda sai injiniya ya yarda.

Wata rana ɗan kwangila ko mai gida zai ce maka ka rage rodi, ko ka sa mai 12 inda zane ya ce 16, wai ai duk ɗaya ne. A kasuwa ma akwai rodin da ake kira mai 12 alhali bai cika ba, shi ya sa nake son kowane ayan benda ya mallaki ma'aunin kauri. Ka ƙi, ka faɗa wa injiniya. Mutane ne za su kwana a ƙarƙashin dekin nan da 'ya'yansu.

7. Walda

Ilaktirod ɗin da aka fi amfani da shi a shaguna shi ne E6013. Geji 12, mai kaurin 2.5, na ƙarfe marar kauri ne, yana son wuta kamar amfiya 60 zuwa 90. Geji 10, mai 3.2, yana son 90 zuwa 130. Idan sanda tana manne wa ƙarfe, wuta ta yi kaɗan. Idan tartsatsi ya yi yawa ƙarfe yana hujewa, ta yi yawa. Ka kafta bakin sandar kamar mai ƙyasta ashana, ka ɗaga ta kaɗan, tazarar kada ta wuce kaurin sandar kanta, sannan ka ja a hankali. Idonka a kan narkakken ƙarfen da ke bin bayan sandar zai tsaya, ba a kan hasken ba.

Ka yi ta jan layi a kan guntun faranti har layukan su fito da faɗi ɗaya. Daga nan ka haɗa guda biyu a kwance, sai a tsaye, sai sama da kai. Kowanne ka kankare dattin ka duba, ka ɗaure a bais, wato matsen ƙarfe na kan teburi, ka doke shi da guduma. Idan ya ɓalle a kan waldar, wutar ba ta shiga ba, ado kawai ka yi a sama. Wajen haɗa firam, ɗiga walda kaɗan a kusurwoyi, sake aunawa, sannan ka cike kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, domin zafi yana jan ƙarfe. Ilaktirod ya zauna a busasshen wuri, musamman E7018 da ake manyan ayyuka da shi, wanda danshi ke lalatawa.

Kada ka taɓa kai wuta jikin duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, gas ko wani mai, ko an rantse maka an wanke shi. Tururin da ya rage a ciki ya isa ya tashi da shagon. Bututu mai farin rufi na galbanaiz hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, a fili ake waldarsa, iska na kaɗa hayaƙin gaba. Kada ka yi walda a tsaye cikin ruwa ko da jiƙaƙƙiyar safa. Idan haske ya kama maka ido, cikin dare za ka ji kamar an zuba yashi. Sa tsumma mai tsabta mai sanyi, kada ka murza, kada ka ɗiga komai da aka ce maka a shago. Idan bai lafa ba washegari, ko kana zaton ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, asibitin ido kai tsaye.

8. Hawa sama

Da zarar tsayi ya kai kamar mita 2, bel ɗin tsaro mai kama kafaɗu da cinyoyi ya zama dole, a maƙale shi a ƙarfen da aka riga aka ɗaure, sama da kai. Kafin ka ɗaga rodi ko bututu, ɗaga kai ka nemi wayar lantarki. Sanda mai mita 12 tana isa inda ba ka zata ba. Ba a tsayawa ƙarƙashin kayan da ake ɗagawa, ba a sakin ƙarfen rufi sai an tokare shi, kuma idan hadari ya haɗo ko iska ta taso, a sauko.

9. Nemi takardar shaida

Tun kana shekara ta biyu ka fara. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin gwajin sana'a da ake kira Trade Test, ana farawa daga mataki na III, sai II, sai I wanda shi ne babba. Akwai kuma shaidar ƙwarewa ta NSQ a ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda ke auna abin da hannunka ya iya ko da a shago ka koya. Ka je ofis da kanka, ka zauna gwajin da gaske. Takardar da aka saya a bayan fage ba ta wuce ƙofar kamfani, don can faranti biyu za a miƙo maka a ce haɗa mu gani.

10. Maganar kuɗi

Shekarar farko kada ka sa rai da fiye da kuɗin abinci da na sabulu. Idan hannunka ya fara faɗawa, oga zai riƙa ba ka wani abu duk aikin da aka fita, kuma ƙananan gyare-gyare, irin su ƙafar kujera ko marfin kura, sukan zama naka. Kada ka karɓi aiki a ɓoye da injin oga. Ka faɗa masa, yawanci zai ce je ka yi.

Bayan yaye, hanyoyin samu uku ne. Akwai kuɗin yini, wanda ya fi na lebura amma ranar da ba aiki ba ko sisi. Akwai jinga, inda ake biyan rodi a kan tan ko a kan dekin gaba ɗaya, walda kuma a kan kowace ƙofa ko taga. A nan kuɗin yake, a nan kuma ake karyewa. Sai albashin kamfani. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi aikin jinga ba. Ƙwararren mai walda da ya ci gwaji ya wuce wannan layin, kuma a kamfani mai rajista akwai fansho da diyyar rauni ta hukumar NSITF. Ka tambaya kafin ka sa hannu.

Idan za ka yanka farashin jinga, lissafa ƙarfe da farashin ranar, ilaktirod, faifan yanka, fenti, man janareta, kuɗin mota, ladan yara, sannan ladanka. Man janareta da faifai su ne sababbi ke mantawa, su gama aiki su ga ba riba. Ka gaya wa mai aiki farashin na 'yan kwanaki ne, tunda kuɗin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya. Kafin alƙalamin da aka ba ka kuwa, ranar ka kai shi kasuwa ka sayo kayan. Cin kuɗin wannan a yi aikin wancan shi ya zubar da mutuncin masu walda da yawa.

11. Ina ake dosa daga nan

Mai son shago ya fara da ƙaramin injin inbata, giranda da na'urar huda ƙarfe, ya yi hayar janareta kafin ya sayi nasa. Tun kana yaron shago ka riƙa sayen kaya ɗaya-ɗaya, ko ka shiga adashi saboda su. Ayan benda kuma yakan tara yaransa ya zama mai karɓar dekin, daga nan foman.

Mai son manyan ayyuka ya koyi waldar bututu. Matakan gwajinta suna tafiya har 6G, inda ake kafe bututu a karkace a ce ka zagaye shi ba tare da an juya shi ba, kuma sau da yawa da waldar argon ake fara zagayen farko. Irin waɗannan hannaye ake nema a aiki kamar bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da matatun mai da masana'antu. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da gadojin sama da ake ta ginawa a biranenmu kuwa rodi suke ci da tan-tan. Cibiyar horon harkar man fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta tana koyar da walda a matakin difloma, ga wanda yake da takardar sakandare. Wanda ya haɗa hannu da karatu yana iya zama mai duba ingancin walda, aikin da ake yi ko bayan gwiwa da baya sun fara gajiya.

Masu zuwa da maganar aiki a ƙasashen Larabawa ko Turai, ka nemi ganin sunan kamfani da takardar kwangila, ka kuma tabbatar ejan ɗin yana da lasisin ma'aikatar ƙwadago kafin ka ba da fasfo ko kuɗi. Duk inda za ka nema, gida ko waje, za a tambaye ka ayyukan da ka yi. Saboda haka tun daga get ɗinka na farko ka riƙa ɗaukar hoto, na nesa da na kusa da bakin waldar kafin a shafa fenti, ka rubuta wuri da wata da sunan injiniyan da ya duba.